Mun Karanta Labarin Kowa, Ina Na Junju?

A garinmu Junju, wanda takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, in aka ga babba riƙe da littafi, ɗayan biyu ake zato: ko na addini ne, ko kuwa jarrabawa ce ta matso. In ka ce labari kawai kake karantawa, sai a dube ka a ce, "Haba Malam, ƙarya ce fa ka zauna kana bi layi-layi." Na ji wannan magana daga bakin dattawa, na ji ta wajen 'yan kabu-kabu a tasha, na ji ta har daga waɗanda suka yi lakwal mai zurfi. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya wuni cikin fadamar rake, ko ya kwana kan hanyar Gaya da Kamba yana bin kaya, yana da hujjar tambayar abin da takarda za ta ƙara masa. Amsata gare su ita ce abin da na karanta tun daga daminar da ta wuce har zuwa wannan bazara, da abin da karatun ya bar mini a rai.

Littattafan da suka bi ta hannuna iri biyu ne. Akwai ƙagaggen labari, wanda marubuci ke ƙirƙiro mutanensa da abin da ya same su. Akwai kuma tarihin rayuwa, inda mutum ke faɗin abin da idonsa ya gani tun yarinta. Yawancinmu mun ɗauka na farkon ƙarya ce tsantsa, na biyun kuma gaskiya ce marar gauraye. Ko ɗaya ba haka yake ba. Rashin sanin wannan ne ke sa wani ya ƙi karatun ɗungurungum, wani kuma ya haɗiye duk abin da ya gani a takarda. Na Hausa daga cikin littattafan, 'yan kasuwa masu zuwa Sakkwato da Kano ne suka riƙo mini. Na Faransanci kuwa aro ne daga hannun malaman makaranta, wasu har bangonsu ya fita saboda yawo hannu-hannu.

Cikin damina na fara da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Mamani ɗan ƙasarmu Nijar ne. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi gwagwarmaya cikin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, ya sha gudun hijira, ya dawo gida ya sha kurkuku, ya rasu a hatsarin mota a 1993. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin zafin alƙalaminsa ba. Labarin na Sarauniyar Lugu ne, can arewa da mu kusa da Matankari, a ƙasar Dogon Dutsi, wadda ta ƙi sunkuyar da kai ga ayarin sojan Faransa da Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ke jagoranta. Tafkin Cadi aka ce su kai, su kuwa suka mai da tafiyar ta kisa da ƙone garuruwa da kwasar mutane. Sun faɗa wa Lugu ran 16 ga Afrilu 1899. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙwanni ɓarnar da har yau ba a manta ba. Da labarin ta'asarsu ya isa Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar ayarin, suka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Kwanaki kaɗan bayan nan sojojinsu baƙar fata suka juya musu bindiga, suka kashe su duka biyu a wajen Maijirgi.

Na karanta shi zuciyata na tafasa. Mamani bai ɓoye abin da muka fi son ɓoyewa ba: yawancin hannuwan da suka ɗana bindigar nan baƙaƙe ne irin namu, kuma akwai sarakunan makwabta da suka ga gara Bature ya murƙushe mace 'yar Azna da su kai mata ɗauki. Wannan ɓangare ya fi wuraren yaƙin tsaya mini a wuya, don shi ne ke bayyana yadda Turawa 'yan ƙalilan suka iya ratsa ƙasa mai faɗin nan.

Sai dai dole mai karatu ya san iyakar littafin. Sarauniyar da ke cikinsa, mai ɗamara da baka da kibiya, mai tsayawa gaban mayaƙa tana zuga su, Mamani ne ya gina ta fiye da yadda tarihi ya bar ta. Masu bincike, cikinsu har da Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, sun yi rubutu kan tazarar da ke tsakanin Sarauniyar littafi da wadda mutanen Lugu suka sani. A can sarauta ce ta al'adar Azna, ta girmi zuwan Bature, ta kuma ci gaba bayan tafiyarsa. Ɗan lakwal da zai ɗauki littafin nan ya amsa tambayar tarihi da shi kai tsaye, zai faɗi abin da ba a yi ba. Ƙagaggen labari tamkar raken fadamarmu ne, a tauna, a haɗiye ruwan, a tofar da tuƙar. Amma dubi abin da ruwan ya yi. Daga littafin nan Med Hondo ya shirya fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987, sunan Sarauniya ya hau kan gidan rediyo a Yamai, ya shiga bakin 'yan makaranta daga Gaya har Diffa. Ƙauye ɗaya a bayan dutse ya zama sananne a duniya saboda mutum ɗaya ya zauna ya rubuta.

A nan ne littafin ya ƙona mini rai. Ayarin nan, kafin ya kai Lugu, ta kanmu ya bi. A farkon 1899 ɗin Junju ta ga wutarsu, an kashe mutane, kuma zuriyar waɗanda aka kashe suna nan cikin gari, sun gaji labarin daga bakin kakanni. Masu fim ɗin African Apocalypse, wanda ya fito a 2020, sun zo har nan sun saurari mutane. Al'ummomin garuruwan da abin ya shafa, da namu a ciki, sun kai kukansu har Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi. Duk wannan abin a yaba ne. Amma har yau ban riƙe littafin Hausa ko ɗaya da ya ba da labarin nan daga bakin mutanen Junju ba, wanda yaro zai ɗauka ya karanta wa kakarsa, ita kuma ta gyara masa inda aka yi kuskure. Baƙo ya zo da kyamara ya ɗauka ya tafi. Mu da muke kwana muna tashi da masu labarin, alƙalaminmu na aljihu.

Da kaka ta yi, aka samu sararin zama, na koma kan tarihin rayuwa. Baba mutuniyar Karo ce, wani ƙauye a ƙasar Kano. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951, ba ta taɓa zama aji ba. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, ta riƙa zama da wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar wani mai binciken al'adu, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Littafin ya fito da Turancin Ingila a 1954, da Faransanci a 1969. Da Faransancin na karanta shi, kuma wannan kaɗai ya ishe ni baƙin ciki: tsohuwa Bahaushiya ta yi magana da harshen da na sha a nono, amma sai da maganar ta zaga ta Landan da Faris kafin ta iso ni.

Babu sarki ko ɗaya da ya zama ginshiƙin littafin Baba. Abin da ke ciki shi ne rinjin bayi na gidansu, da masu satar mutane da ke faɗa wa ƙauye, da yadda dangi ke haɗa dukiya su fanso nasu. Akwai aurenta huɗu, da rashin haihuwarta, da 'ya'yan dangi da aka ba ta riƙo. Akwai ƙawance, da biki, da suna, da wankan jego, da bori, da zaman kishiyoyi mai daɗi da marar daɗi. Ina karantawa ina jin kamar a tsakar gidanmu ake hirar. Abubuwan da muke ganin ba su kai a rubuta ba, su ne yau masana na duniya ke komawa gare su in suna son sanin yadda matan Hausa suka rayu kafin mulkin mallaka da lokacinsa.

Wuri ɗaya ya tsayar da ni. Baba ta nuna cewa a wajensu zuwan Turawan Ingila sauƙi ya kawo, don harin bayi ya ƙare, hanya ta yi lafiya. Tsakanin abin da take faɗi da abin da ya faru a Junju bai fi 'yan shekaru ba, tunda Turawa sun kama Zariya a 1902, Kano a 1903. Ita ta ga ƙarshen fargaba, kakanninmu sun ga wuta. Wa ya yi ƙarya? Babu. Kowa abin da ya iso ƙofar gidansa ya faɗa. Shi ya sa mai karanta tarihin rayuwa bai kamata ya ajiye hankalinsa gefe ba. Ya tambayi kansa: wa ke maganar nan, wa yake gaya wa, me ya tsallake? Baba da Baturiya take hira, cikin zamanin da Bature ke mulki, kuma 'yar gidan masu bayi ce, ba 'yar rinji ba. Wannan bai rage mata gaskiya ba, amma ya nuna daga wane lungu take hango duniya. Haka za a yi wa littafin Sardauna Ahmadu Bello na 1962, haka za a yi wa Kotia-Nima na Boubou Hama. Babba in ya rubuta rayuwarsa, ya san za a karanta bayan ransa, yana kuma zaɓen abin da zai bari.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Dorugu. Yaro ne ɗan ƙasar Damagaram, daga wajen Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu sai ya bi abokin tafiyarsa, Heinrich Barth. Da shi aka yi tafiyar Tambutu a 1853, ta Sakkwato da Gwandu da Birnin Kebbi, suka ratsa kwarin Fogha, inda Barth ya rubuta yadda ake dafa gishiri, suka haye kogin Kwara a Sayi. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila. Can ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912. Hotunan shafukan na karanta a waya, rubutun tsohon salo ne, sai da haƙuri. Amma muryar yaron na nan raɗau. Yana ba da labarin kamunsa da rabuwarsa da iyayensa ba tare da ado ba, sa'an nan yana duban cin abincin Turawa da tufafinsu da idon baƙo, yadda su ma suka saba dubanmu. Fiye da shekara 170 ke nan wani yaro Bahaushe ya taka ƙasar yankinmu, maganarsa na nan a ajiye. Masu dafa gishirin da ayarinsu ya wuce, ko sunan ɗaya bai iso mu ta takarda ba.

Bayan waɗannan biyu na sake ɗaukar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Na taɓa karanta shi ina yaro, wancan lokaci tafiyar hamada ce kawai ta burge ni. Wannan karo uwar na gani, wadda aka sace wa ɗa, ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, ta kai ga ganinsa ƙarfinta ya riga ya ƙare. Ƙagagge ne, amma wanda ya fito daga karanta Dorugu da Baba zai gane cewa sunaye kawai Tafawa Ɓalewa ya ƙaga. Bautar da raba uwa da ɗa, a ƙasa ya tarar da su. Ga amsar masu cewa ƙarya ce ake bi layi-layi.

Cikin ɗari, da dare ya yi tsawo, ƙanwata ta miƙo mini littattafai biyu na Balaraba Ramat Yakubu, ta ce, "Yaya, in ka gama ka faɗa mini ko wa ka gani a ciki." Na kuwa ga mutane da yawa. Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwar Kano mai suna Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Ya auro wata, ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biyan kuɗin makaranta. Da gobara ta cinye dukiyarsa, amaryar ta watsar da shi, sai aka dawo ana lallashin Rabi ta koma. Ƙarshen nan ya dame ni ƙwarai, na daɗe ina juya shi. Daga baya na ga marubuciyar ba daɗin baki ta zo yi mana ba. Haka abin ke ƙarewa a gidaje da yawa, a Kano da nan: mace ta sha wuya ita kaɗai, ta tsaya da ƙafarta, sa'an nan a taru a ce ta yi haƙuri don 'ya'ya. An fassara littafin zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Na biyun, Wa Zai Auri Jahila?, shi ne nake so kowane uba a yankin nan ya karanta, ko a karanta masa. Yarinya ce mai suna Abu, aka cire ta daga makaranta, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu, ta koma karatu da kanta har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Balaraba ta san abin da take faɗi, don ita ma tana 'yar shekara 13 aka yi mata aure. A Nijar, alƙaluman Unicef sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika 18. An sha faɗin wannan adadi a taro, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Amma uban da ya bi Abu shafi bayan shafi, ya ji tsoronta a daren farko, ya ga yadda wanda ake sa ran zai aure ta ya guje ta don ba ta yi karatu ba, da wuya ya dubi 'yarsa da ido irin na da. Adadi ba ya kuka. Abu tana yi, mai karatu na ji.

Irin waɗannan littattafai ne aka raina da sunan adabin kasuwar Kano, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a can. Ba zan ce duka masu kyau ne ba. Yanzu ma da yawansu sun bar takarda sun koma waya, ana sayar da su babi-babi ta WhatsApp, kuma na leƙa wasu da 'yan matanmu ke bi. Akwai na batsa zalla. Akwai waɗanda babu komai cikinsu sai ɗan mai kuɗi da mota da gidan bene, suna koya wa yarinya raina gidan ubanta. Wannan gaskiya ce, kuma iyaye na da hakkin damuwa. Amma ƙwace waya da zagi ba su taɓa hana karatu ba, ɓoyewa kawai suke koyarwa. Uwa ko yaya ko gwaggo da ta iya karatu ta karɓa ta karanta babi biyu, sa'an nan a zauna a yi magana: me ya burge ki, wa ya yi daidai, ke da za ki yi haka? Yarinyar da ta saba bin labari mai shafi ɗari uku ta riga ta mallaki abin da malamai ke wahalar dasawa, wato jimirin karatu. Abin da ya rage a sa mata mai kyau a hannu. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed tun 1980, akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, akwai gajerun labaran gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ke shirya wa mata tun 2016.

Da bazara ta shigo na karanta Aboki na Mahamadou Halilou Sabbo, na 1978, kan saurayin da kiran bakin teku ya raba da gida. Ban daɗe a kansa ba, don labarin a ƙofarmu yake. Gadar Gaya da Malanbil ita ce mashigar masu cirani zuwa Kwatano da Lome da Akara, kuma da wuya ka sami zuri'a a nan da ba ta da wanda ya bi ta. Wani ya dawo da jari, wani ya dawo da ciwo, wani har yau shiru. Tun 2023 da aka rufe gadar, mutane da kaya suka koma kwale-kwale, farashi ya tashi, sana'o'i suka mutu wasu suka tsiro. Wannan ma tarihi ne, a gabanmu ake yin sa, kuma nan da shekara talatin yaranmu za su tambaya.

Saboda haka kirana ga malaman makaranta ne, da 'yan kwaleji da lise, da malaman allo masu ajami, da duk mai waya a hannu. A watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka ba ta rubuta littafi, mutane ke rubutawa. Kuma aikin bai kai wuyar da ake zato ba. Baba ba ta riƙe alƙalami ba, Dorugu ma faɗa ya yi aka rubuta. Abin da suka samu shi ne wanda ya zauna ya saurare su har ƙarshe.

A fara da mafi tsufa a gida, don su ne ke kan hanya. A gaishe su yadda ya kamata, a nemi izini, a faɗa musu abin da za a yi da maganarsu. Kada a ce, "Kaka, ba ni tarihin Junju," don za ta ce ita ba ta san tarihi ba, a je wajen fada. A tambaye ta abin da ta taɓa da hannunta: wace shekarar yunwa ta fi tunawa, me aka ci, nawa aka biya sadakinta, wa ya koya mata sana'a, ina aka sa rana ta gudu, me kakarta ta ce game da ranar da Nasara suka zo. Daga nan bakin zai buɗe. Mata su tambayi mata. Mary Smith ta sami abin da mijinta bai samu ba don ita ce ke iya shiga cikin gida, kuma akwai maganar da tsohuwa ba za ta taɓa yi gaban jikanta namiji ba.

A ɗauki murya a waya, amma kada a bar ta nan. Waya na faɗawa ruwa, kati na lalacewa, ana sacewa. A kwafe cikin kaye, da boko ko da ajami, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. A saman shafi a rubuta sunan mai magana, da garinsu, da ranar da aka yi hirar. A bar maganar yadda ta fito. In tsoho ya yi Hausarmu ta yamma, kada a gyara masa ita ta koma ta Kano. In da Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci ya yi, a rubuta da harshen, fassara ta biyo baya. Malamin da zai ba 'yan ajinsa wannan aiki lokacin hutu, shafi biyar kowane yaro, a shekara ɗaya zai tara abin da ya isa littafi.

Akwai wurin da ake bukatar hattara. Maganar bauta da asali har yanzu tana raba aure a ƙasar nan, tana kuma tada husuma kan gona da sarauta. Abin da zai tozarta wani gida, a rubuta shi a ajiye, amma kada a yaɗa da sunaye sai da yardar masu shi. A kuma riƙa rarrabe "na gani" da "an ce mini". Babu wanda ya ga 1899 da ya rage a raye, don haka duk mai ba da labarin ranar a tambaye shi daga bakin wa ya ji, shi kuma wancan a ina yake lokacin da abin ya faru. Za a tarar gida biyu sun saɓa, wannan ya ce da safe aka shigo ta gabas, wancan ya ce da yamma ne ta wajen fadama. Kada mai rubutu ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi, kada kuma ya narka su su zama ɗaya. Ya rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi da na wanda ya gaya masa, ya bar fili a ƙasan shafin don gida na uku da bai kai ga tambaya ba tukuna.